Babu Iri-Iri Ce: Yadda Harshen Malayalam Yake Bayyana Rashi

Yawancin abin da ake koya wa ɗalibin kimiyya ya shafi abin da yake akwai ne, wato yadda zai ƙirga shi, ya auna shi, sa'an nan ya ba shi suna. Amma duk wanda ya daɗe a ɗakin gwaje-gwaje ya san cewa sakamakon da ya fi yawan fitowa shi ne "babu". A duba jini a ce babu ƙwayar zazzaɓi, a ɗebo ruwan rijiya a ce babu guba, a kafa tarko a daji a ce babu dabbar da ake nema. Wannan 'yar kalma mai gaɓa biyu ita ce take sa a sallami majiyyaci, ko a buɗe makarantu bayan annoba, ko a ba da izinin sare kurmi. Saboda haka wajibi ne mai faɗinta ya san abin da yake nufi da ita. Kowane harshe yana da hanyarsa ta rarraba rashi, kuma a wannan maƙala za mu duba yadda Malayalam, ɗaya daga cikin manyan harsunan kudancin Indiya, ya yi tasa rarrabawar, domin akwai darasi a cikinta ga mai nazarin halittu.

Harshen da masu shi

Malayalam shi ne harshen Jihar Kerala, wani siririn yanki da ke tsakanin Tekun Larabawa da jerin duwatsun Ghat na Yamma. An kafa jihar ranar 1 ga Nuwamba, 1956, lokacin da aka sake shata jihohin Indiya bisa harsuna. Ƙidayar jama'a ta shekarar 2011 ta nuna cewa kusan mutum miliyan 35 ne suka tashi da wannan harshe a bakinsu. Yana cikin iyalin harsunan Dirabida tare da Tamil da Kannada da Telugu, kuma Tamil ne ɗan'uwansa mafi kusa. Ya ari kalmomi masu ɗimbin yawa daga Sanskirit, tsohon harshen ilimi na Indiya, kamar yadda Hausa ta ara daga Larabci. Haka nan daɗaɗɗen cinikin kayan yaji a gaɓar Malabar ya kawo masa kalmomin Larabci, har Musulmin yankin suka riƙa rubuta shi da haruffan Larabci, irin yadda malamanmu suka yi Ajami. A misalan da za su biyo baya mun rubuta kalmomin da haruffan boko, kuma mun ninka wasali a inda ake jan sa.

Tagwayen korewa

Ginshiƙin korewa a Malayalam kalmomi biyu ne, illa da alla. Mai karatu ya lura tun daga nan cewa kamar da suka yi da wasu kalmomi da ya sani dacewar sauti ce kawai. Illa ta Malayalam ba ta da dangantaka da illar da Bahaushe yake nufin lahani da ita, alla kuma ba ta da wata alaƙa da sunan Ubangiji. Dukkansu tsofaffin kalmomin Dirabida ne, kuma ana samun takwarorinsu a Tamil da Kannada.

Illa tana kore samuwar abu. Ita ce kishiyar undu, wadda take daidai da "akwai". In an ce kinattil vellam undu, ana nufin akwai ruwa a rijiya. In an ce kinattil vellam illa, babu ruwa a rijiya ke nan. Alla kuwa tana kore kasancewar abu shi ne abin da aka ce. Ita ce kishiyar aanu, wadda take aikin "ne" da "ce" na Hausa. Ithu vellam aanu na nufin wannan ruwa ne, ithu vellam alla kuma na nufin wannan ba ruwa ba ne. A jimlar farko rijiyar ta ƙafe. A ta biyu akwai wani abu a cikin kwano, sai dai mai yiwuwa kananzir ne. Harafin farko kaɗai ya raba kalmomin biyu a rubuce, amma ɗan Kerala ba ya musanya su, domin in ya yi haka maganar ta canza gaba ɗaya. Bahaushe ba zai sha wahalar fahimtar wannan ba, tun da shi ma ya raba "babu" da "ba ... ba ne", alhali Ingilishi da Faransanci kusan da abu guda suke yin aikin biyu.

Mallaka ma ta hanyar samuwa ake faɗinta. Ɗan Kerala ba shi da aikatau na musamman mai nufin mallaka a maganar yau da kullum. Yakan ce enikku panam illa, wato "gare ni kuɗi babu". Wannan ya yi kama da yadda muke cewa wane kuɗi gare shi. Idan kuma ana son kore aiki, sai a liƙa illa a ƙarshen aikatau: vannu, ya zo, vannilla, bai zo ba, varum, zai zo, varilla, ba zai zo ba, kandu, ya gani, kandilla, bai gani ba. Aikatau a Malayalam ba ya canzawa saboda mai aikin, don haka kandilla tana iya zama ban gani ba, ko ba su gani ba, gwargwadon wakilin sunan da ya gabace ta. Mai karatu ya riƙe wannan kalma ta kandilla, za mu dawo gare ta.

Wani abin sha'awa shi ne yadda harshen yake gina "kowa" da "komai". Yana da ɗafa-ƙeya um, mai ma'anar "da" ko "ma". In an haɗa ta da aaru, wato "wa", sai a sami aarum illa, babu kowa. In an haɗa ta da onnu, wato ɗaya, sai a sami onnum illa, ko ɗaya babu, wato babu komai. Evide, "ina", tana ba da evideyum illa, babu a ko'ina. Hausa ma da kalmomin tambaya ta gina nata: ko da wa suka ba da kowa, ko da ina suka ba da ko'ina. Harsunan biyu ba su haɗa asali ba, amma sun bi hanya ɗaya suka isa wuri ɗaya.

Bayan tagwayen nan akwai wasu kalmomin korewa masu aikin kansu. Venda ita ce "ba a so" ko "ba a bukata", kishiyar venam. Aruthu ta hani ce, irin wadda ake gani a allunan gargaɗi, kamar thodaruthu, kada a taɓa. Vayya kuwa ta kasawa ce, kuma wanda ya ce enikku vayya yana iya nufin ba zai iya ba, ko kuma jikinsa ba daɗi. A wajen kwantar da hankali akan ce saaramilla ko kuzhappamilla, daidai da "ba komai" da muke cewa in wani ya ba mu haƙuri.

'Ya'yan illa

Daga illa ake tsirar da wasu kalmomi da mai koyar da kimiyya ba ya iya yin darasi sai da su. Illaatha siffa ce mai ma'anar "maras", don haka dabbobi marasa ƙashin baya, irin su tana da ƙwari da dodon koɗi, ana kiran su nattellillaatha jeevikal. Illaathe tana nufin "ba tare da". Illaayma suna ne, shi ne "rashi" kansa, kuma in ya tsaya shi kaɗai yana nufin talauci, kamar yadda Bahaushe yake cewa wane yana cikin rashi, ko yana fama da babu. Da shi ake gina urakkamillaayma, rashin barci, da vishappillaayma, rashin jin yunwa, da thozhilillaayma, rashin aikin yi. Har ila yau akwai aikatau biyu da suka kamata a lura da su: illaathaayi, abu ya zama babu, da illaathaakki, an mayar da abu babu. Na farko yana ba da labarin ɓacewa ne kawai. Na biyu yana nuna cewa akwai hannun wani a ciki, ko hannun likitan da ya kawar da cuta, ko na mafaraucin da ya ƙarar da dabba.

A littattafan makaranta kuma akwai hanya ta biyu, wadda aka aro daga Sanskirit, inda ake sa ɗafa-goshi a ko nir a gaban kalma. Dabbobin nan marasa ƙashin baya a wannan salo sunansu akasherukikal, ƙarewar ruwa a jiki kuma nirjaleekaranam. Ƙarewar wani jinsin halitta daga doron ƙasa shi ne vamshanaasham, wato halakar zuriya. Ta haka malami a Kerala yana da kalmar gida da kalmar littafi ga abu guda. Ƙungiyar yaɗa kimiyya ta jihar, Kerala Sasthra Sahithya Parishad, wadda aka kafa a 1962, ta yi shekaru tana buga littattafai da mujallu na kimiyya da harshen Malayalam, kuma wannan wadata ta kalmomi tana cikin abin da ya sauƙaƙa irin wannan aiki.

Wofi ma iri-iri ne

Rashin abu daban, zaman mazubi ba komai a cikinsa daban. Hausa tana da fanko da kango da holoƙo, kowanne da inda ya dace. Malayalam ma haka. Ozhinja ana faɗinta ga wurin da a da akwai abu a cikinsa sa'an nan ya fita, kamar gidan da aka tashi daga cikinsa. Daga tushenta aka sami ozhivu, gurbin aiki ko lokacin hutu. Kaali ta kwalba ce ko aljihu ko buhu, kuma asalinta kalmar Larabci ce, khali, wadda ta fito daga tushe ɗaya da halwa da malamanmu suke shiga. Polla ta abu mai rami a ciki ce, kamar gora ko ruɓaɓɓen kututture. Verum tana nufin tsura, shi ya sa likita yake cewa a sha magani verum vayattil, wato kafin a ci komai, kuma wanda ya dawo verumkaiyode ya dawo hannu rabbana. Gonar da aka bari ba a noma ba tharishu ce.

Wadda ta fi jan hankalin mai nazarin tsirrai ita ce pathiru, ƙwayar shinkafar da ɓawonta ya cika siffa amma ba tsaba a ciki. Hakan yana faruwa idan barbarar fure ba ta yiwu ba saboda zafi ko sanyi ko ƙarancin ruwa a lokacin fitar kai, ko kuma idan ƙwari suka tsotse ruwan ƙwayar tun tana madara. Manomin Kerala, wanda shinkafa ce abincinsa, ya ba wannan wofi suna na kansa, kuma yana amfani da shi ga maganar da ba ta da amfani.

Sama da waɗannan duka akwai shoonyam, daga Sanskirit, wofi na malamai. Daga gare ta aka sami shoonyatha, kaɗaici da wayam ɗin da mutum yake ji a zuci bayan rashi, da shoonyaakaasham, sararin samaniya.

Wofin da ya zama lamba

Kalmar nan shoonya ta yi doguwar tafiya har ta iso bakin Bahaushe. Masana lissafi na Indiya da ita suka kira gurbin da ba lamba a cikinsa, kuma a shekarar 628 Brahmagupta ya rubuta ƙa'idojin tarawa da ɗebewa da ita, ya ɗauke ta lamba kamar sauran lambobi. Da Larabawa suka karɓi lissafin Indiya sai suka fassara ta da sifr, mai ma'anar wofi, daga nan kuma muka sami sifili. A Malayalam ta yau, sunan da yara suke koya wa wannan lamba shi ne poojyam.

Abin mamaki shi ne tsofaffin lambobin rubutun Malayalam ba su da sifili. Suna da alama ta musamman ga goma, da ɗari, da dubu, don haka ashirin akan rubuta ta da alamar biyu sa'an nan alamar goma. Masana taurari na Kerala kuwa suna da wata dabara, katapayadi, inda kowane baƙi yake wakiltar lamba, ta yadda za a mayar da doguwar lamba kalma mai sauƙin haddacewa. A cikinta baƙaƙen na da nya su ne sifili. Haridatta ya yi amfani da ita a shekarar 683. A wannan ƙasa ce daga baya Madhava na Sangamagrama ya yi aikinsa kan jerin lambobi marasa iyaka a ƙarni na 14, kuma wajen shekarar 1530 Jyeshthadeva ya rubuta hujjojin wannan lissafi a littafin Yuktibhasha da harshen Malayalam, a zamanin da Sanskirit ne harshen ilimi.

Masana falsafar Indiya na mazhabar Nyaya da Vaisheshika ma sun yi dogon nazari kan rashi, wanda suka kira abhaava, kalmar da har yanzu Malayalam take amfani da ita. Sun kasa shi huɗu: rashin tukunya kafin a gina ta, da rashinta bayan ta fashe, da rashin da ba ya gushewa, irin na ƙaho a kan zomo, da kuma rashin kasancewar wani abu wani, kamar a ce tukunya ba tufa ba ce. Mai karatu zai ga cewa ukun farko aikin illa ne, na huɗun kuma aikin alla.

Babu a daji da asibiti

Yanzu bari mu kai waɗannan kalmomi fagen aiki, a Kerala ɗin kanta. A watan Mayu na 2018 cutar Nipah ta ɓulla a gundumar Kozhikode, ta kashe mutum 17 bisa ƙididdigar hukuma. Tun daga ɓullarta a Malesiya a 1998 da 1999 aka gano cewa jemagu masu cin 'ya'yan itace, na jinsin Pteropus, su ne ma'ajiyar wannan bairas. Jemagun da aka fara kamawa a rijiyar gidan da cutar ta fara, da aka gwada su ba a sami komai ba. Wanda ya ji wannan labari zai iya cewa illa, babu cutar a jikin jemagu. Amma waɗancan masu cin ƙwari ne, don haka amsar da ta dace ita ce alla, ba su ne jemagun da ake nema ba. Da aka gwada masu cin 'ya'yan itace na yankin daga baya, sai aka sami bairas ɗin. Cutar ta sake ɓulla a jihar a 2019 da 2021 da 2023 da 2024, abin da ya nuna cewa ƙarewar annoba a tsakanin mutane ba ta nufin ƙwayar ta bar daji.

Misali na biyu wani kwaɗo ne mai launin shuni da tsinin hanci, Nasikabatrachus sahyadrensis, wanda S. D. Biju da Franky Bossuyt suka bayyana wa duniyar kimiyya a 2003 daga gundumar Idukki. Ya bambanta da sauran kwaɗi har sai da aka buɗe masa iyali na kansa, kuma danginsa mafi kusa suna tsibiran Seshel. Dalilin da ya sa ya daɗe bai shiga littattafai ba shi ne a ƙarƙashin ƙasa yake rayuwa yana cin gara, ba ya fitowa sai na 'yan kwanaki a farkon damina don haihuwa. Mutanen yankin sun san shi, suna kiran sa paathaala thavala, kwaɗon ƙarƙashin ƙasa. Masu binciken da suka ratsa wurin da rani ba su gan shi ba, kamar yadda mai ratsa busasshen tafki ba ya ganin gaiwar da ke kwance a cikin laka. Abin da ya halatta su rubuta shi ne kandilla, ba mu gani ba. Haka ma furen neelakurinji na tuddan Munnar, wanda yake fitowa sau ɗaya a shekara 12: ya rufe tuddan a 2006 da 2018, kuma a tsakanin waɗannan shekaru tsiron yana nan, furen ne babu.

Misali na uku ya fi wuya. Tunkun jibda na Malabar, Viverra civettina, an yi zaton ya ƙare tun a 1978, sai aka sami fatunsa a gundumar Malappuram a 1987. Kyamarori masu ɗaukar hoto da kansu da aka kafa a dazuzzukan yankin daga baya ba su kama shi ba. A 2010 wasu masu bincike biyu na Indiya suka sake duba tsofaffin fatu da bayanai, suka tayar da tambayar ko ma shi jinsi ne mai zaman kansa. Ga dabba guda, ke nan, ana muhawara kan kalmomi uku: ko ya zama babu, ko ba a gan shi ba ne, ko kuwa tun asali ba shi ne abin da aka ɗauka ba. Kowace amsa tana da nata sakamako ga kuɗin da za a kashe da dajin da za a kare.

Yaushe rashin gani yake zama babu?

Bahaushe ya ce rashin jini, rashin tsagawa. Lissafi yana iya gaya mana zurfin tsagar da ake bukata. A ƙaddara cewa jemage 5 cikin kowane 100 suna ɗauke da wata cuta. In an gwada 20 kawai, yiwuwar a rasa ko ɗaya mai cutar ta kai kusan kashi 36 cikin ɗari. In an gwada 60, sai ta sauko ƙasa da kashi 5. Masana ƙididdiga suna da wata sauƙaƙƙiyar ƙa'ida a kan haka: in an gwada samfuri ba a sami komai ba, a raba 3 da yawan samfurin, abin da ya fito shi ne iyakar yawan da abin zai iya kaiwa a ɓoye, bisa amincin kashi 95 cikin ɗari. Wanda ya gwada 30 bai ga komai ba, bai kore yiwuwar ɗaya cikin goma ba.

Shi ya sa hukumomi suke gindaya sharaɗi kafin su furta wannan kalma. Ba a ayyana jinsin halitta a matsayin wanda ya ƙare sai an bincika mazauninsa sosai, a lokutan da suka dace da rayuwarsa, har ba sauran shakka mai ma'ana. An ga mai cutar shan-inna ta daji na ƙarshe a Indiya a Janairun 2011, amma sai a Maris na 2014 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba yankin shaidar kuɓuta. A Nijeriya an ga na ƙarshe a 2016, shaidar nahiyar Afirka kuma ta zo a Agustan 2020. A shekarun da ke tsakani ma'aikatan lafiya ba zama suka yi ba. Sun yi ta gwada bayan-gidan yaran da gaɓoɓinsu suka saki, suna ɗibar ruwan magudanai, domin shirun da ba a bincika ba ba hujja ba ne.

Kammalawa

Babu harshen da yake hana mai shi kuskure, kuma ɗan Kerala yana iya gaggawar cewa illa kamar kowa. Amfanin duba harshensa shi ne ya nuna mana rabe-raben da muke da irinsu a Hausa amma muke sakaci da su, musamman in muna fassara rahoton da aka rubuta da Ingilishi, inda kalma guda takan rufe ma'anoni da yawa. Ɗalibin da zai rubuta sakamakon bincikensa, da ma'aikacin asibitin da zai yi wa majiyyaci bayani, da ɗan jaridar da zai sanar da jama'a halin annoba, ya kamata kowannensu ya tsaya ya zaɓi wadda ta dace tsakanin "babu", da "ba shi ba ne", da "ba a gani ba". In kuwa ta ƙarshen ce, to ya faɗi inda aka duba, da lokacin da aka duba, da yawan abin da aka duba.